Kai, Wanga

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Yau aka ƙaddamar da kwamitin tsaftar babbar hanya, kuma an sa ni ciki, wai don ni Khairiyya ce kaɗai mace duba-gari da ta rage a sashenmu. Alhaji Sahabi, shugaban kwamitin, ya yi jawabi har shayin da aka zuba mana ya huce. Ya ce Illela ƙofar Najeriya ce, duk wanda ya shigo daga Ƙwanni ta Nijar mu yake fara gani, abin da kuma yake fara gani leda ce da kashin shanu da ruwan kwata. Ya ce ƙarshen wata masu zuba jari za su zo duba inda za a gina sitocin albasa, in suka tarar da ƙazanta wani gari za su wuce. Gaskiya ya faɗa, ko da ya tsawaita. Ni da na ga yaran da amai da gudawa ya kwantar bara a bayan tasha, ba sai an yi mini wa'azin kwata ba.

Wani kamfani aka ba aikin. Babbansu, Manaja ake ce masa, ba ɗan ƙasar nan ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce za su yashe magudanan ruwa, su shafa fenti, su dasa itatuwa, su kwashe duk abin da bai kamata baƙo ya gani ba. Na tambaye shi kamar me. Ya yi murmushi ya ce komai.

Na biyo bakin kwalta na dawo gida. Yaya Maliki yana wurinsa, yana shara.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Kalmar nan "komai" ta hana ni karyawa.

Daga gindin dogon yaron da Lukmanu mai shayi yake kafa teburinsa har zuwa kwalbatin tasha, wannan yankin na Yaya ne. Ba wanda ya ba shi. Tun shekarar hatsarin motar albasa yake share shi kullum. Ba zan rubuta labarin shekarar nan ba. Ba ya bara, ba ya duka, ba ya zagi. In ka yar da leda a gabansa zai tsince ta ya bi ka da ita ya miƙa maka cikin ladabi, har sai kunya ta sa ka karɓa. Direbobin Nijar sun san shi, suna rage gudu in sun iso wurin. Larurarsa guda ce mai wuya, ba ya kwana ƙarƙashin rufi. Mun gwada lokacin da Baba yana da rai. Tabon yana nan a goshinsa.

Da rana yakan zo zaure ya ci abinci. Inna ce ke zubawa, ni ko wani mu kai. Ɗan farinta ne, don haka ba ta duban sa, ba ta tambayar lafiyarsa, sunansa kuwa ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. "Wanga" take ce masa. A kai ma wanga tuwonai. Kai, wanga, ka bar min ƙofa buɗe. Muna yara mukan tsokane ta cewa ai tana faɗin sunan a kowace raka'a tunda kalmar tana cikin Fatiha, sai ta jefe mu da mafici. Amma naman da ya fi kowanne tsoka a kwanonsa yake sauka, kuma ba mu taɓa ce mata mun lura ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Aiki dai yana kyau, ba zan yi ƙarya ba. An yashe kwatar gaban tasha, abin da aka tono ya cika tifa. An matsar da masu teburi baya, an shafa wa bakin kwalta fari da baƙi. Lukmanu yana ta ƙorafi an raba shi da inuwa, amma shi ma ya yarda ƙudaje sun ragu.

Akwai wata farar mota mai rufaffen baya da ke bin tifar. Ba ta ɗaukar shara. Na duba ba ta da lamba.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Yelwa ba ta wurinta.

Asabar, bayan la'asar

Yelwa tsohuwar nan ce da ke zama jikin katangar tasha tana magana da buhunanta. Tun ina firamare take wurin. Buhunan suna cikin tifa, na gan su da idona. Ita ce ba wanda ya gani. Wani ya ce an kai ta asibiti Sakkwato. Wani ya ce an tsallakar da ita iyaka an sauke. Matar da ke sayar da awara ta ce dajin wajen Gidan Katta, sannan ta kama bakinta ta ce ita ba ta ce komai ba.

Na samu Alhaji Sahabi. Ya ce in kwantar da hankalina, kula da su za a yi, kuma duk wanda yake da dangi ba za a taɓa shi ba, gida-gida za a bi a tambaya. Na ce ina ake kai marasa dangin. Ya ce wannan ɓangaren na kamfani ne. Ya shiga duba wayarsa, wayar da ba ta yi ƙara ba.

Yelwa ba ta da kowa. Yaya yana da mu. Na maimaita wa kaina wannan tun daga sakatariya har gida.

Lahadi, 13 ga Yuli, da rana

Kasuwa ta ci, shanu sun cika kwalta, sabon fentin ya sha kashi. Yaya yana bin bayansu da tsintsiya, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa kyauta. Na tsaya na roƙe shi ya zauna gida kwana biyu. Ya dube ni da kyau ya ce, "To wa ka sharewa?" Na bar shi da tsintsiyarsa na wuce.

Talata, 15 ga Yuli, bayan sallar asuba

Jiya na kulle zaure Yaya yana ciki, na zauna bakin ƙofa ina yi masa hira ta kafar makulli. Bai yi ihu ba. Numfashinsa kawai nake ji yana hawa, yana hawa, sai na ji ƙarar goshi a jikin bango. Na buɗe. Ya fita bai ko dube ni ba.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida duk wannan lokacin. Ba ta ɗago ba. Sai da na wuce ta kusa da ita na ga rariyar babu gari a ciki, girgiza ta kawai take yi.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

An ɗauke mutum biyu a wajen shingen kwastan. Ɗaya wani makaho ne mai gora da ke zama a wurin. Ɗayan ban san shi ba.

Na je wurin Manaja da kaina na ce masa mai sharar gindin dogon yaro yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana cikin yi wa direban tifa faɗa, ya ce to, to, za su zo gida su tambaya, haka doka ta ce. Ban tabbata ya ji ni ba. Na so in kama hannun rigarsa in sake faɗa, kunya ta hana ni.

Tsoro nake ji. Na rubuta shi ko zai ragu.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Yana wurinsa. Na wuce sau da yawa yau, har Lukmanu ya ce ko in kawo kujerata ofis ɗin ya dawo nan.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan masallaci

Yana wurinsa. An dasa itatuwa a jere, an kewaye kowanne da kwando saboda awaki. Yaya ya ɗauki na yankinsa a matsayin nasa, yana ba su ruwa da gwangwani. Manaja ya wuce a mota ya dube shi ya daɗe. Wataƙila yaba aikin yake yi. Wataƙila.

Litinin an tura ni Amarawa duba magudanai. Na ce a tura wani, aka ce babu wani.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan la'asar

Bari in rubuta a hankali.

Na dawo daga Amarawa na sauka a tasha. Tun daga nesa na ga leda tana yawo a yankin Yaya, na san ba lafiya. Tsintsiyar tana jingine jikin dogon yaro. Lukmanu ya taso ya tare ni, ludayin shayi a hannunsa ya manta bai ajiye ba.

"Malama, sun tahi da shi. Hwarar motag ga. Na ce musu shina da mutane, sunka ce sun hito gidanku yanzu, uwatai ta ce ba nata na ba."

Ban san yadda na isa gida ba. Inna tana zaune kan tabarma, kwanonsa a rufe a gefenta, tuwon ya yi sanyi. Na tambaye ta me ya faru. Ta ce wasu maza sun yi sallama a zaure, baƙon cikinsu, wato Manaja, ya tambaye ta ko tana da ɗa mai suna kaza. A gaban maza, a gaban maƙwabta da suka leƙo. Na ce to me kika ce musu.

"Mi kika so in ce? Na ce ni ban da wani ɗa, su tambayi masu shi."

Amsar da take ba kowa ke nan shekara da shekaru. Ita ta ba masu ƙidaya, ita ta ba malaman makarantarsa. Duk ɗan garin nan da ya ji ta zai yi dariya ya ce a gaishe da uwar ɗan fari. Baƙon bai yi dariya ba, ya ce na gode Mama, ya juya.

Na yi mata tsawa. Ban taɓa yi ba. Ta dube ni, sai a lokacin na ga ta fahimci abin da ta faɗa da wanda ta faɗa wa. Ta buɗe kwanon, ta sake rufewa.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Alhaji Sahabi ya dafa kai ya yi salati. Shi ya gane nan take, don uwarsa ma haka take yi wa yayansa. Ya ce, "Ɗiyata, wallahi kuskure na, amma abin ba hannuna shike ba." Ya kira Manaja a waya bai ɗauka ba. Ya ce in dawo gobe. Na ce gobe ina za a same shi? Ya ce in yi addu'a.

Na je asibiti, na je ofishin 'yan sanda, na je shingen iyaka. Kowa da fara'arsa, kowa bai gani ba.

Talata, da magariba

Inna ba ta ci komai ba. Ba ta tambaye ni inda na je ba, kuma ba za ta tambaya ba. Ta dai share tsakar gida, ta gama ta sake sharewa.

Na tsaya bayanta tana sallah. Takan yi karatunta a hankali amma ana ji. Da ta iso wurin kalmar nan a Fatiha muryarta ta tsaya. Ta koma farkon ayar, ta sake tsayawa. Na fita na bar mata ɗakin.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

An yi ruwa da asuba. In a ƙarƙashin rufi suka ajiye shi, to ni na san abin da goshinsa yake ciki. In a fili ne, ya jiƙe. Ban san wanne zan roƙa ba.

Laraba, bayan azahar

Direban tifa ne ya faɗa wa Lukmanu, Lukmanu ya faɗa mini, bayan na rantse ba zan ambaci kowa ba. Wani tsohon sito ne a hanyar Araba. A can ake tara su, in sun taru mota ta kwashe su. Wadda ta ɗauki Yelwa ta riga ta tafi. Ta gaba gobe da la'asar, don baƙi Asabar za su zo. Na ce tafi ina? Direban ya ce shi shara yake ɗauka.

Na hau kabu-kabu na je. Mai gadi bai bar ni na shiga ba, amma Manaja yana nan. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari iya iyawata. Na ce a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan, ba ta amsa cewa nata ne, kuma wannan ba ƙi ba ne. Ya saurara, ba zan ce bai saurara ba. Sannan ya ce kullum mutane suna zuwa da labari, wani ma so yake ya karɓi mutum ya sa shi bara. Shi uwa ya tambaya, uwa ta ba shi amsa a gaban shaidu.

"Mama ya zo da kansa," in ji shi. "Ya kira yaro da suna, yaro ya amsa, ku tafi da shi. In ba haka ba, babu."

Ta bayan bangon na ji ana jan wani abu a ƙasa, shaa, shaa, a hankali. Na san wannan jan.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan asuba

Na faɗa wa Inna tun jiya. Ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Yanzu na gan ta ta fito da mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa ta shimfiɗa a kan gado.

Allah ka sa motar kada ta yi sammako.

Alhamis, da yamma

Mun je da hantsi a motar Alhaji Sahabi, shi da kansa ya tuƙa, bai yi jawabi ko ɗaya ba a hanya. Farar motar tana ƙofar siton, an buɗe bayanta. Inna ce ta riga ni sauka.

A farfajiya suke, cikin laka. Ban ƙirga su ba. Yaya yana can ƙarshe ya ba mu baya, ya sami reshen itace yana share gindin bango. An ɗaure masa goshi da tsumma.

Manaja ya ce bismillah Mama. Ga ma'aikatansa a tsaye, ga mai gadi, ga Alhaji Sahabi wanda sa'an ƙanenta ne. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Bakinta ya motsa babu sauti. Na ji kunyar ta kama ni ni ma, kamar ana kwance mata zane a kasuwa. Alhaji Sahabi ya juya ya fuskanci bango don ya sauƙaƙa mata.

"Maliki."

A hankali ta faɗa. Sannan ta sake, da ƙarfi, har muryarta ta fashe.

"Maliki!"

Bai juyo ba. Ko tsayawa da sharar bai yi ba. Ta yaya zai juyo? Bai taɓa jin wannan sunan da wannan muryar ba. Wasu daga cikin mutanen suka ɗago suna dubanta, shi kuwa shaa, shaa. Manaja ya dubi agogonsa, ya dubi direban farar motar, ya buɗe hannuwa yana nuna mini iyakarsa ke nan. Na fara kiran Yaya da kaina, Manaja ya ce ba ni aka ce ba.

Sai na ga Inna ta saki mayafin. Ranta ya ɓaci, irin ɓacin da take yi in an bar mata ƙofa buɗe awaki sun shiga.

"Kai, wanga! Ana ta magana ka yi banza da mutane? Aje iccen ga ka tashi mu tahi gida, tuwonka ya huce."

Reshen ya faɗi daga hannunsa. Ya juyo, ya zo da sauri yana goge hannu a riga, ya durƙusa nesa kaɗan da ita kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna, ban gama ba." Ta ce ya bar shi haka nan.

Manaja ya dubi reshen da ke ƙasa. Daga baya ya ce a buɗe ƙofa.

Muna fita makahon nan mai gora ya juyo da fuskarsa wajen muryar Inna ya ce, "Hajiya, ni ma kira ni." Ba wanda ya san sunansa a cikinmu. Na tambaye shi, ya faɗa mini, na ce zan nemo masu shi kafin la'asar. Alhaji Sahabi ya tsaya a can yana magana da Manaja. Ni na bi unguwannin wajen kwastan ƙofa-ƙofa har aka kira sallah. Ban sami kowa ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, da rana

Alhaji Sahabi ya ce motar ba ta tashi jiya ba, ya hana. Bai ce ba za ta tashi ba. Yelwa har yanzu ba labari.

An ba Yaya riga mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan kamfani, wai don kada a sake kuskure. Ya karɓa ya naɗe ta ya rufe wa ƙaramin icce saboda rana. Na cire na sa masa, ya sake cirewa. Duk farar motar da ta wuce sai na bi ta da kallo har ta ɓace.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Baƙin sun zo. Motoci masu baƙin gilashi, sun bi ta yankin Yaya ba su rage gudu ba. An ce sun yaba da tsafta.

Na dawo gida na tarar Inna ta zuba tuwo, ta ɗora naman a sama. Tun ranar Alhamis ba mu yi maganar siton ba, kuma na san ba za mu yi ba har abada. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Kai ma..." sai ta tsaya. Na jira in ji wanne za ta faɗa.

Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta janye kwanon daga hannuna, ta yafa mayafi, ta nufi bakin kwalta da shi da kanta.